Mai Ido Uku a Fangalin Auta

Hantsi ya ɗaga, rana ta fara cizo, sama wayam babu ko ɗigon gajimare, iska kuma ta ɗauke cak. Auta na tsugune a bakin fangalinsa, ɗan filin da aka kewaye da kunya don tare ruwa, ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, yana kallon tsiron shinkafa yana yawo a saman ruwa, saiwa sama kai ƙasa. Karo na biyu ke nan. Sai ya yafa iri, ya tsiro fari tas, kafin ya kama ƙasa a wayi gari an tumɓuke shi. Ruwan da ya kamata a ce ya kwanta garau ya zama kamar an dama shi da muciya.

Abin da ya rage masa na iri shi ne ɗan guntun da ke gindin buhu a ɗakin Inna, mahaifiyarsa. Irin gida ne, da hannu suke zaɓar sa duk shekara su ajiye, ba a samun sa a kasuwa. In ya yafa wannan ya bi sahun na baya, bana babu shinkafa a gidan, baɗi kuma babu iri. Ga shi mai buɗe ruwa ya riga ya gaya wa kowa, duk wanda bai shuka ba kafin watan nan ya ƙare, kada ya zo masa da kuka in an rufe magudana shinkafarsa ba ta nuna ba.

A karon farko Auta bai yi wani dogon tunani ba. Gonar da ke sama da tasa ta wani dattijo ce, abokin marigayi mahaifinsa, wanda kowa ke kira Mai Agwagi saboda garken da yake kiwo a bukkar gona. Auta ya ga tsiro a tumɓuke, ya ɗaga kai ya ga agwagi, shi ke nan ya haɗa biyun. Ya je ya same shi a cikin mutane ya faɗi maganar da ta fi ƙarfin bakinsa. Dattijon ya ce kawai, "To, na ji." Washegari ya kulle agwaginsa a keji, bai sake sakin su ba, bai kuma sake amsa gaisuwar Auta da fiye da ɗaga hannu ba.

Yanzu ga agwagi a kulle, ga tsiro a tumɓuke.

Auta ya daɗe a tsugune har ƙafarsa ta fara sanyi. Ya ce a ransa yau ba zai tashi ba sai ya ga ɓarawon da idonsa. Can sai wani abu ya taso daga cikin laka, ya zo saman ruwa ya juya a rigingine, cikinsa ja-ja, ƙananan ƙafafu birjik suna kaɗawa kamar ana taje gashi. Ya yi ɗan iyo haka, ya kife, ya koma ƙasa. Da Auta ya saba da duhun ruwan sai ya ga ashe ba ɗaya ba ne. Fangalin cike yake da su, kowanne ya dukufa yana tonon laka da goshi. Da can yana ganin su, ya ɗauka 'ya'yan kwaɗi ne.

Ya sa tafin hannu ya kamfato guda. Tsawonsa bai wuce gaɓa biyu ta yatsa ba. Bayansa akwai murfi kamar an kife masa ƙaramin cokali, jela ta fito ta ƙarƙashi ta rabu biyu, siri-siri kamar zare. Ɗan kwaɗo ba ya da murfi, ba ya da ƙafafu haka. Ya zubar da ruwan shansa, ya ɗebi na fangali a gorar, ya zuba guda huɗu ko biyar, ya nufi gida.

Matarsa na kan keken ɗinki a rumfar tsakar gida. Ta leƙa gorar, ta ja da baya.

"Wannan kuma fa? Kifin da ka kamo mana ke nan?"

"Shi ke cin gonar."

"Wannan ɗan mitsitsin? Ba agwagin Baba ba?"

Auta ya yi kamar bai ji ba. Inna ta fito da sandarta, ta karɓi gorar ta ɗaga ta saitin rana, ta daɗe tana juya ta.

"Na yi shekaru ina shiga fadamar nan tun kafin a haife ka, ban taɓa ganin wannan halitta ba. Ka kai wa masu ofishin gona su gani. Buhun nan kuwa ba za a kwance shi ba sai an san abin da ake ciki."

"Ni ma ban ce a kwance ba, Inna."

"Na san ka ne, Auta. Ƙafarka ta fi kanka sauri."

Ofishin gona ɗaki biyu ne a bayan wurin ajiyar taki. A na ciki akwai dogon tebur, kwalabe jere a kanta, fanka tana juyi ba ta kawo iska, sai wata babbar taswira a bango an soke ta da allurai masu jan kai. Matar da ke aiki a ɗakin kowa Malama yake ce mata. Tana cin gyaɗa lokacin da Auta ya shigo, amma da ta ga abin da ke cikin gorar sai ta ture takardar gyaɗar gefe ta goge hannu.

"A ina ka samo su?"

"A gonata, ƙasan magudana."

"Wannan ɓangaren kogin?"

"Ƙwarai."

Ta dube shi kamar mai shirin ƙaryata shi, sai kuma ta fasa. Ta juye gorar a farin faranti, ta zaɓi babban cikinsu, ta jawo gilashin da ke ƙara girman abu.

"Zo ka duba. Ido nawa ka gani?"

Auta ya sunkuya. A gaban murfin akwai baƙaƙen idanu biyu kusa da juna, sai wani ɗan ɗigo a tsakaninsu.

"Biyu. A'a, tsaya. Wancan ma ido ne?"

"Na uku ke nan. Dangin jatan lande ne, ba ruwansa da kwaɗo. To juya nan wajen jelar. Ka ga inda ta rabu biyu? Akwai wani abu a tsakani, kamar ɗan ganye?"

"Babu komai."

"Yawwa. Suna da dangi biyu. Akwai mai ɗan ganyen nan a tsakanin jela, akwai marar shi. Naka marar shi ne, shi ne mai son ruwa mai ɗumi. Amma a cikin marasa ganyen ma iri-iri ne, sai na ƙirga gaɓoɓin nan na baya da ba su da ƙafa, na duba ƙayoyin da ke bakin murfin da na gindin jela, sannan in san wanne ne. Wannan aikina ne, kai ba shi ya kawo ka ba."

Ta tashi ta je gaban taswirar. Ta nuna masa kogi, ta nuna masa allurai. Duk suna tsallake, can inda ƙasa ke da tsakuwa, inda ruwan sama ke taruwa a ramuka ya kwana kaɗan ya ƙafe. A ɓangarensu babu ko ɗaya.

"Duk inda aka taɓa samun sa, ga shi nan. Abin nan ba ya tashi sama, ba ya tafiya a tudu. Ƙwansa ne ke tafiya. Ƙanana ne kamar yashi, suna kwance a busasshiyar ƙasa shekara da shekaru ba su mutu ba, ranar da ruwa ya taɓa su sai su ƙyanƙyashe. Wani lokaci tsuntsu ke ɗauko su, wani lokaci iska. Ko kuwa mutum. An kawo wata ƙasa gonarka daga wani wuri?"

Auta ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya rufe. Bara da rani wani abokinsa direban tifa, da ke jigilar ƙasa daga wani rami a tsallake, ya juye masa tifa guda kyauta. Da ita ya cike kwarin da ke kusurwar gonar, ya ɗaga kunyoyi. Har yabon kansa ya riƙa yi a kan wannan dabara.

"An kawo," ya ce a hankali.

Malama ba ta yi masa dariya ba. Ta ce abin da zai cece shi guda ne. Mai ido uku ba ya iya komai da shinkafar da ta riga ta yi ƙarfi, jaririn tsiro kawai yake tumɓukewa garin tonon laka. Don haka ya bar yafi a fangali, ya reni irin a wani wuri mai tsabta, in ya yi tsawo ya dasa.

"Da a ce kana da ruwa a hannunka da na ce ka riƙa yayyafi kawai, kada ka bari ya kwanta. Amma ku da layi ake ba ku ruwa, dole ka tare shi. To sai ka nemi ƙasar da babu ƙwan a ciki."

"Ta yaya zan gane? Kin ce kamar yashi ne."

"Ita ƙasar za ka tambaya. Ka ɗebo busasshiya daga kowane wuri, ka zuba a roba daban-daban, ka zuba ruwan rijiya, ba na famfo ba, ka ajiye a rana. Bayan 'yan kwanaki in akwai za ka ga suna yawo. Amma kowane wuri da abin ɗibarsa, ka ji ko? Kada ka haɗa."

"Na ji," in ji Auta, hankalinsa ya riga ya tafi kan inda zai samo robobi.

Kafin la'asar tsakar gidan ta zama kamar kasuwar roba. Ya ɗauki bahon wanki, ya ɗauki na wanka, ya ɗauki daron da ake jiƙa kaya, ya aro biyu a maƙwabta. Ya zaga da fartanyarsa ya saro ƙasa daga fangalin sama da bai taɓa ba shi ruwa ba bana, da na tsakiya, da ragowar tulin ƙasar tifa, da gonar yayansa da ke gefe, da wani fegi na surukinsa. Kowace roba ya ɗaura mata ƙyalle mai launi daban daga ragowar ɗinkin matarsa, don kada ya rikice.

"To ni a me zan yi wanki?" in ji matar.

"Ki yi haƙuri na kwana kaɗan."

"Mutane na kiwon kaji, mijina na kiwon laka." Ta ɗauko wani tsohon kwano ta miƙa masa. "Ungo, sari ta ƙofar kicin ɗina ma ka jiƙa. Wa ya sani, ko a nan za mu yi noman."

Don ya biye mata, ya sari ƙasar ƙofar kicin ya zuba a kwanon, ya tsiyaya ruwa. Suka yi dariya, Inna na daga ɗaki tana cewa Allah ya shirye su.

Kwanakin da suka biyo baya Auta bai yi nisa da gida ba. Da safe ya zagaya robobin, da rana ya zagaya, yana korar kaji da awaki. Sai ga su sun fara bayyana, ƙanana kamar ƙwayar gero, suna ɗan zillo a cikin ruwa. Robar ƙasar tifa ta fi kowacce cika, wannan bai ba shi mamaki ba. Amma ta fangalin sama ma akwai. Ta yayansa akwai. Ta surukinsa akwai, ɗaya-ɗaya. Ya bi su roba bayan roba, yana fata, har ya zo ta ƙarshe. Babu wadda ta tsira.

Ya zauna a kan turmi ya zuba tagumi. Idan duk fadamar ta kamu, ina zai kai irin Inna?

Matarsa ta zo wucewa da tsintsiya, ta tsaya a kan tsohon kwanonta.

"Kai, zo ka ga. Har nawa ya haihu."

Ya taso ya duba. Guda biyu na yawo a cikin kwanon.

"A ƙofar kicin?" ta ce. "Wurin da ruwa bai taɓa kwana ba tun da aka kawo ni gidan nan? Kullum sai na share shi har ya yi ƙwalli. Ko dai ruwan rijiyar ne?"

Ba ruwan ba ne, don randar da suke zuba shi tana nan garau, babu abin da ke motsi a ciki. Auta ya tsaya yana kallon kwanon, ya kalli robobin, idonsa ya sauka a kan fartanyar da ke jingine a bango. Busasshiyar laka ta yi mata kauri a baki da wuya, jar laka, ta kusurwar da ya cike da ƙasar tifa. Da ita ya sari kowane wuri. Shi dai tun da ya tashi bai taɓa ganin wanda ya wanke fartanya ba, in ta yi nauyi sai a buga ta a dutse a ci gaba. Da Malama ta ce kowane wuri da abin ɗibarsa, ya ɗauka irin tsirfar mutanen ofis ce.

"Ni ne na raba musu," ya ce. "Da hannuna na zuba wa kowace roba."

"To sai yaya?"

"Sai a sake."

Inna ta leƙo. "Watan fa ya yi nisa."

"Na sani, Inna. Amma gara in makara da in yafa a makance."

Ya kwashe robobin ya kai bayan katanga ya juye lakar a rami guda ya binne. Ya wanke kowacce da sabulu da soso, ya ɗauraye, ya kife a rana. Sannan ya tsaya a ƙofar kicin yana murza hannu.

"Me kuma?" in ji matar.

"Cokulanki nake so. Duka."

"Robobi sun tafi, yanzu cokula. Gobe sai ka ce in ba ka keken ɗinki." Ta ɗauko su ta zuba a tukunya ta tafasa, ba tare da ya ce ta yi ba, ta naɗe kowanne a ledarsa. "Saura ka dawo min da su babu ɗaya."

Ya fita ba takalmi, don takalmin gonar ma laka ce a ƙasansa. Duk inda ya je sai ya kwance cokali sabo, ya kankaro ƙasa ya zuba a leda, ya ƙulle da cokalin a ciki. Aikin da fartanya ke yi a sara ɗaya ya ɗauke shi rabin yini. Masu wucewa na tambayarsa ko zinariya yake nema, yana cewa e, in ya samu zai kira su.

Cokali ɗaya ya rage a aljihunsa lokacin da ya iso kan iyakar Mai Agwagi. A karon farko bai ɗebi ta nan ba, don kunya. Amma gonar tana sama da tasa, ruwa daga can yake gangarowa ba ya komawa, kuma fartanyarsa ba ta taɓa shiga ba. Akwai wani ɗan fangali a kusa da bukka da dattijon ya bari bai shuka ba. Auta ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya tsallaka ya durƙusa ya fara kankara.

"Da agwagina ne ɓarayi," aka ce a bayansa. "Yanzu kuma ga mai gona da kansa yana satar ƙasa da cokali."

Auta ya miƙe da sauri, ledar a hannu. Dattijon na tsaye da bokitin dusa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya. Miya za a yi da ita?"

Auta ya yi masa bayani, yana haɗa kai da gindi, mai ido uku, ƙwai kamar yashi, tifa, robobi. Bai kai ga maganar da ta kamata ya fara da ita ba. Mai Agwagi ya saurara har ƙarshe, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Ɗebi," ya ce. "Cokali guda ba zai rage ni da komai ba." Ya wuce wajen keji.

Wannan jiran ya fi na farko tsawo a wurin Auta. Ya ga mai buɗe ruwa a hanya, mutumin ya ɗaga masa yatsa yana nuna sama, wato wata na tafiya. Yayansa ya zo ya ce ya daina wasan yara, ya sayi kowane iri a kasuwa ya zuba magani a ruwan a wuce wurin. Auta ya ce maganin da zai kashe wannan zai gangara gonar wasu, kuma irin kasuwa ba irin Inna ba ne. Yayan ya ce taurin kai dai na gado ne, ya tafi.

A hankali robobin suka fara ba da amsa, wannan karon kowacce da tata. Ta ƙasar tifa ta cika maƙil. Fangulansa duka akwai, har na saman da yake sa rai, don da ya yi gyaran kunyoyi bara ko'ina ya taka. Ta yayansa akwai kaɗan, ta gefen da suke haɗa iyaka. Ta surukinsa tsaf take, amma fegin yana can ƙarshen magudana inda ruwa ba ya isa sai an yi faɗa. Kwanon ƙofar kicin, wanda matar ta dage sai an sake, babu komai sai sauro.

Robar Mai Agwagi ta kwanta garau, ana ganin ƙasan ta. Auta ya ƙara mata kwanaki, yana leƙawa har yana jin kunyar kansa. Babu abin da ya motsa.

Ya fara zuwa ofis da kwalba biyu, ɗaya daga robar tifa, ɗaya daga ta yayansa, ya kwatanta wa Malama inda ramin yake a tsallake. Ta ce ta gama ƙirgarta, irinsu ɗaya da na can, gaɓa da ƙaya duk sun dace. Ta ɗauki allura ta soka a ɓangarensu na kogin, ita kaɗai tilo a fili.

"Ga gonarka ta shiga taswira," ta ce.

"Da ta shiga da wani abin kirki."

"In ka dasa, ka bar su su yi ta tono. Ciyawa ma tumɓuke ta suke yi."

Daga nan ya dawo gida ya ɗauki robar a ka, a hankali don kada ruwan ya girgiza, ya nufi bukkar Mai Agwagi. Ya same shi yana gyaran ƙofar keji. Ya sauke robar a gabansa, ya durƙusa.

"Baba, ƙasarka ce wannan. Ita kaɗai ce mai tsabta da ruwa ke kaiwa."

Dattijon ya leƙa. "Na ga ruwa a roba."

"Agwaginka ba su taɓa min komai ba. Na faɗi magana a cikin mutane, ban kyauta ba. Zan koma cikin mutanen in warware ta. Fangalin nan na kusa da bukka nake roƙo, in reni iri, in na cire in mayar maka yadda yake."

Mai Agwagi ya ci gaba da murɗa waya a ƙofar kejin.

"Ranar da aka haife ka ni na je na kira ubanka daga gona," ya ce. "Ya zo da gudu ya faɗi a magudana. Ashe gaggawar tun daga nan ka ɗauko ta." Ya ajiye wayar. "Fangali ga shi nan. Amma tun da ka ce ƙafarka ke yawo da ƙwan, ba za ka taka min gona ba sai ka wanke ta. Fartanyarka kuma ta tsaya a kan iyaka, ka yi aiki da tawa."

"Na yarda, Baba."

"Kullum fa. In na ga ɗigon jar laka, da kai da irin zan kora."

Da yamma Inna ta kwance bakin buhun da kanta. Ta zuba irin a ƙwarya ta jiƙa, ta tsame wanda ya taso, ta naɗe sauran a jiƙaƙƙen buhu har ya fasa baki. Ranar da layin ruwa ya zo kansu, Auta ya tsaya a kan iyaka ya wanke ƙafafunsa har gwiwa da ruwan da ya ɗauko daga gida, dattijon na zaune a inuwa yana duba shi kamar mai duba dabba a kasuwa.

"Tsakanin yatsu."

Auta ya wanke tsakanin yatsu. Ya shiga ya daidaita lakar, ya yafa irin a hankali, tafi bayan tafi, har ƙwaryar ta koma wayam. Ya juya ta ya buga gindinta, ƙwaya biyu da suka maƙale suka faɗa. Yanzu babu sauran komai a ɗakin Inna.

Kullum da sassafe yana kan iyaka da butar wanke ƙafa. Ya tsuguna ya zuba wa ruwan ido, yana neman jan ciki ko wata 'yar girgiza a laka. Ruwan na nan garau. Fararen saiwoyi suka sunkuya suka shige ƙasa, tsiron ya miƙe, ya yi kore-kore, ya huda saman ruwa. Wata safiya ya kama guda da yatsa biyu ya ja kaɗan. Ya ƙi tasowa. Ya ƙara ja, ƙasa ta riƙe abinta.

Bai kira kowa ba. Ya sunkuya ya ci gaba da tsince 'yar ciyawar da ta fara fitowa a gefe, rana na hawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Gorar ruwan shansa na can kan kunya inda ya yar da ita, rana ta buɗe a kanta. Mai Agwagi ya fito da bokiti zai je magudana. Da ya zo daidai wurin ya sunkuya ya ɗauke gorar, ya ajiye ta a inuwar bukka, ya wuce. Auta ya gan shi ta tsakanin ƙafafunsa, ya ci gaba da tsintar ciyawa.